Ci gaba mai ɗorewa: daga ina maganar ta taso, kuma ina Maraɗi a cikinta?

Malamin Lakwal:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Ina cikin aji, sai wata yarinya ta nuna takardar nan ta muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai gidaje 17 masu launi-launi, da aka manna mana a bango, ta ce, "Mushe, wa ya zauna ya tsara wannan? An tambaye mu?" Na ba ta amsar da ta sawwaƙa, amma da na koma gida sai na ga ban yi mata adalci ba. "Ci gaba mai ɗorewa" ya cika mana kunne, a rediyo, a allunan furoje na bakin hanya, a jawabin kowane babba, amma kaɗan ne cikinmu suka san mafarinsa. Bari in faɗi abin da na sani, manya su gyara mini.

A wajen masu kula da daji abin ya faro. A 1713 wani Bajamushe mai suna Hans Carl von Carlowitz, wanda ke kula da haƙar ma'adinai, ya ga ramukan azurfa suna cinye itacen ƙasarsu, sai ya rubuta cewa kada a sari fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Amma maganar ba ta shiga bakin gwamnatoci ba sai a watan Yuni na 1972, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara ƙasashe a Sitokhom ta Suwidin don zancen muhalli. Daga can aka kafa hukumar muhalli ta Majalisar, aka ajiye cibiyarta a Nairobi. Kuma tun a wannan zama kai ya rabu. Masu masana'antu sun zo da kukan hayaƙi da gurɓatar koguna, matalauta suka ce mu yunwa ce ta tsare mu. Indira Gandhi ta Indiya ta tambayi taron ko akwai abin da ya fi talauci da rashi ɓata muhalli.

Don a sasanta waɗannan ɓangarori biyu aka kafa wani kwamiti a 1983, ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta Norwe. Mataimakinta Mansur Khalid ɗan Sudan ne, kuma akwai Bukar Shaib na Najeriya a ciki. A 1987 suka fitar da rahotonsu, inda suka ce ci gaba mai ɗorewa shi ne mutanen yau su biya buƙatunsu ba tare da sun tauye wa na gobe damar biyan nasu ba. Akwai ci gaban maganar da ba a cika karantawa ba: sun ce buƙatun matalauta ne za a sa a gaba da komai.

Alhajin Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Mushe, Allah ya ƙara sani. Ni dai ban yi nisa a lakwal ba, amma na ga abu da idona. A ƙauyenmu an zo da manyan motoci, an kafa allo, an haƙa rijiyar famfo, an yi mana jawabi da wannan kalmar taka. Shekara uku furoje ya nannaɗe tabarmarsa. Famfo ya lalace a shekara ta huɗu, ba a samun kayan gyaransa a kasuwar nan, mata suka koma tsohuwar rijiya da guga. Allon yana nan har yau, ya yi tsatsa. To ina ɗorewar? Ni a ganina kalma ce ta neman kuɗi. Waɗanda suka ƙone dazuzzukansu suka yi arziki, su ne suka dawo suna ce mana mu yi a hankali. Wanda ya ƙoshi ne ke koya wa mai yunwa ladabin cin abinci.

Malamin Lakwal:
Alhaji, ban musa maka famfon ba, kowa a nan yana da irin labarinsa. Amma abin da ka faɗa a ƙarshe shi ne ainihin gardamar da ake yi tun 1972, kuma ƙasashenmu ne suka riƙa yin ta, ba a bakin kasuwa kaɗai take ba.

Baba Mai Ritaya:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Mushe ya yi ƙoƙari, amma ya tsallake garinmu. Kafin rahoton 1987 ɗin nan, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada, a watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce. Abin da aka tsayar a taron har yau da sunan garin nan ake kiransa, Alƙawarin Maraɗi. Ina cikin ƙananan ma'aikatan da suka yi hidima, ban zauna kan teburin manya ba, amma na ji abin da ake faɗa. Jigon maganar shi ne aikin ya fi ƙarfin gwamnati ita kaɗai, dole talaka ya shiga da hannunsa.

Ku tuna abin da ya kai mu can. Farin 1968 zuwa 1974 ya share dabbobi, ya kori mutane daga arewa. Shi ya sa aka kafa CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, a Wagadugu a 1973, aka buɗe AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma, a Yamai a 1974, kuma a Afirilun wannan shekarar sojoji suka kifar da Jori Hamani, zancen yunwa na cikin abin da suka kafa hujja da shi. A 1977 duniya ta yi taro a Nairobi kan hamada kaɗai. Wato wahalar Sahel tana cikin abubuwan da suka tilasta wa duniya haɗa zancen muhalli da zancen ciki. Ba 'yan kallo ba ne mu a wannan tarihi.

Sai dai zan faɗi gaskiya don na kusa kabari. Ni aikina renon dashe ne. Mun cika ledoji dubbai da ƙasa, mun reni dogon yaro da turare, mun ɗora a mota mun kai ƙauyuka, an dasa ranar 3 ga Agusta da kiɗa da tafi. In ka koma bayan rani sai ka tarar da ramuka. Awaki sun ci, gara ta ci, iska ta binne sauran. Shekara ta zagayo mu sake. Na daɗe ina ganin laifin mutanen ƙauye ne, ina cewa ba su da kula. Sai daga baya na gane ba mu taɓa tambayar kanmu ba: icen nan na wa ne? Tun dokar Turawa ta 1935 itatuwa da yawa a hannun hukuma suke, bayan 'yancin kai ma aka ci gaba a haka. Mutum ya ga gawo ya tsiro a gonarsa, ya san in ya girma ba shi da ikon taɓa reshensa sai da takarda. To don me zai rene shi? Gara ya tuge shi tun yana ƙarami.

Manomin Gazawa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mahaifina an taɓa cinsa tara saboda reshen da ya sara a gonar da ya gada, sai da ya sai da akuya. Daga ranar duk tsiron da ya gani sai ya bi shi da gatari har saiwa. Ga kuma abin da aka koya musu tun zamanin gyaɗa, wai manomin kirki shi ne mai gona fes, ba ko kututture. Ni na tashi na tarar da gonarmu kamar tafin hannu. Farkon damina iska ta taso da rairayi, ta yanke hatsi yana ɗan kunne biyu, ko ta binne shi. Akwai shekarar da muka yi shuka sau uku.

Bayan yunwar 1984, wadda muke ce wa El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, aka fara zancen sassaben zamani. Ga waɗanda suka tashi a birni, abin ba wuya. Kututturen kalgo ko sabara ko magarya da kake sarewa kowace shekara bai mutu ba, saiwarsa na nan a ƙasa, shi ya sa yake tohowa. Maimakon ka share tohon duka ka ƙone, sai ka zaɓi biyu ko uku, ko har biyar, masu ƙarfi da suka miƙe, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa, da lauje ko adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Wasu kan ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Ba leda, ba ban ruwa, ba mota. Shekara uku ka ga abu ya fi ka tsawo, don saiwar ta riga ta kai inda danshi yake.

Da yayana ya fara, dariya aka riƙa yi masa, ana cewa ƙazamin manomi, ragon da ya kasa sassabe. Yau a gonar nan akwai gawo da kalgo da aduwa. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ƙarƙashinsa ne zangarniya ta fi kauri, da rani 'ya'yansa abincin tumaki.

Ɗalibar Jami'a:
Barkanku da war haka iyayena. Abin da Kawu Manomi ya bayyana shi ne yau ake koyarwa a ƙasashe da dama. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan a nan Maraɗi, shi ya lura da kututturan nan a 1983, ya shiga yaɗa dabarar. Lokacin yunwa aka haɗa ta da rabon abinci, kuma da aka daina rabon mutane da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda suka riƙe ne maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Da masu bincike suka gwada hotunan sama na shekarun 1970 da na tauraron ɗan adam na shekarun 2000, sun ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 sun farfaɗo a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Tony Rinaudo wata babbar lambar yabo a Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina mai ramukan shukar nan masu tara ruwa da taki da ake ce wa "zai".

Alhajin Babbar Kasuwa:
Kin ji ko, 'yata? Talakawa sun yi aiki, Bature ya karɓi lamba. Kakanninmu ba su san barin gawo a gona ba sai da aka zo daga Ostireliya? A Damagaram har yau ana ba da labarin yadda Sarki Tanimu ya sa hukunci mai tsanani kan mai saran gawo.

Manomin Gazawa:
Alhaji, a nan ban bi ka ba. Gaskiya ne kakanni sun sani, amma mu da muka zo mun yar da shi, tsoron tara da koyarwar gona fes sun raba mu da shi. Mutumin nan ya sha rana a ƙauyukanmu, ya ji Hausa, kuma bai ce shi ya ƙirƙiro ba. Wanda ya tuna maka abin da ka manta ai ba ka zage shi ba. Abin da ni na sani shi ne, ranar da muka tabbata icen namu ne, ba wanda zai zo ya ci mu tara a kansa, ranar muka fara renonsa kamar ɗa. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun zo sun ƙarfafa mana gwiwa, amma mutane sun riga doka farawa.

Ɗalibar Jami'a:
Baba Alhaji, in ka ba ni dama in ƙara kan zancenka na farko, don akwai gaskiya a ciki da ya kamata a faɗa da lissafi. A taron Riyo ta Birazil a 1992 an sa hannu kan yarjejeniyar sauyin yanayi da ta kare halittu. Ta hamada ba ta cikin abin da manyan ƙasashe suka zo da shi, ƙasashen Afirka ne suka nace, sai aka kammala ta a Paris ranar 17 ga Yuni 1994. A Riyo ɗin kuma aka amince cewa nauyin na kowa ne amma ba daidai yake ba, wanda ya fi ɓatawa shi zai fi ɗauka. To sai a duba cika alƙawari. Tun 1970 aka ce ƙasashe masu arziki su ba da kashi 0.7 cikin 100 na abin da suke samu a matsayin taimako, 'yan kaɗan ne suka taɓa kaiwa. A 2009 a Kopenhagen suka ce za su riƙa tara wa ƙasashe matalauta dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020 don tinkarar sauyin yanayi, ba su kai ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. Alhali hayaƙin da Afirka duka ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Mu da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya rushe wa gidaje a cikin garin nan mun san wa ke biya.

Game da takardar bangon Mushe: a 2000 an yi muradun ƙarni guda 8, waɗanda kusan matalauta kaɗai aka ɗora wa. A Satumbar 2015 aka maye su da guda 17 da ƙananan manufofi 169, wa'adi 2030, kuma wannan karon har masu arziki sun shiga lissafi. Amina Mohammed 'yar Najeriya na cikin waɗanda suka ja ragamar tsara su.

Hajiya ta Mokoyo:
Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu ina karantawa, maza sai zancen gona da taron ƙasashe, ba wanda ya shiga madafa. Ni a ƙauye na yi ƙuruciya. Na yi tafiyar da tun hantsi sai azahar don ɗaurin ice ɗaya, na dafa tuwo da kara da kashin shanu, hayaƙi na cin ido. Ƙanwata da ke can yanzu daga gonar mijinta take samun rassan da aka rage, har ta tara ta sayar. Wannan sauƙi ne babba, ban raina ba. Amma Kawu Manomi ya ce "icen namu ne". Na wa? Na mai gona. Macen da ba ta da gona fa, da bazawara, da wadda gamanarta aro ce? Da can daji na kowa ne, ka shiga ka tsinci ice, ka ɗebi ganyen kuka. Yanzu kowane ice da mai shi. Akwai matan da abin ya ƙara wa wuya, ku sa su a lissafi.

Mu na birni kuma ana ta ce mana mu koma gas. Muna so. Amma ranar da tukunya ta ƙare, ka zaga unguwa ba ka samu ba, ko kuɗin cikawa bai taru ba, gawayi za ka koma, gawayin nan kuwa daga wani daji ya fito.

Na Dakoro:
Hajiya ta buɗe mini ƙofa. Ni ɗan makiyaya ne. Ina murna da itacen da ya dawo, dabbobinmu ma suna cin 'ya'yan gawo. Amma ku hau mota ku bi hanyar Dakoro ku gani. Dokar 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, yau gonaki sun haye ta da nisa. Burtalin da garke ke bi an matse shi, wani wuri saniya biyu ba sa jerawa. Karan da a da ake bar mana bayan girbi mu ci mu bar taki, yanzu kwashewa ake a sayar. An yi dokar kiwo a 2010 da ta amince da haƙƙin yawon makiyaya, amma takarda daban, daji daban. Wanda ya san rikicin manoma da makiyaya da ya ci rayuka da yawa a Toda a 1991 ba zai so a yi wasa da wannan ba, Allah kada ya maimaita mana. In ɗorewar manomi ita ce ƙarewar makiyayi, to a sake mata suna.

Manomin Gazawa:
Ɗan'uwa, ban ƙi taka ba, kuma ni ina cikin masu zama in an tashi shata burtali a wajenmu. Amma ka dubi namu ma. Gonar da kakana ya noma shi kaɗai, yau gida goma sha ɗaya ke ci a cikinta. Ba mugunta ke sa mutum ya ci bakin burtali ba ko da yaushe. Sannan akwai masu zuwa da dare su sassare gawon da ka rena shekara goma don dabbobinsu, su bar maka gungume. Wannan ma a faɗa.

Baba Mai Ritaya:
Ku biyun duk gaskiya kuka faɗa, kada ku ɗauki zafi. Lokacin da muka samu 'yancin kai mutanen Nijar ba su wuce miliyan 3 da wani abu ba, yau sun haura miliyan 25, ƙasar noma kuwa ba ta ƙaru kamar yadda mutane suka ƙaru ba. Hutun gona da muka sani, a bar ta shekara biyar ta yi saura, ya ƙare. Wannan ne ya sa nake ganin ice a cikin gona ba ado ba ne, shi ne ya maye gurbin hutun. Ita kuma Hajiya ta faɗi abin da ko a taron 1984 ban ji an tsaya a kansa sosai ba.

Malamin Lakwal:
Na gode ƙwarai, na samu fiye da abin da na zo nema. Baba, ban taɓa haɗa taron Maraɗi da rahoton 1987 a darasi ɗaya ba, littafin da muke koyarwa da shi daga Sitokhom yake tsallakawa zuwa Riyo. Zan gyara. Kawu Manomi, in na samu izinin hukumar lakwal da na iyaye, za ka yarda in kawo 'yan ajin nan gonarka su ga sassaben da idonsu? Yarinyar da ta yi tambayar nake so ta riƙe addar da kanta.

Manomin Gazawa:
Bismilla, Mushe, gona taku ce. Ku zo kafin ruwan fari, lokacin da muke gyaran gona, don a lokacin ne za su ga toho da yadda ake zaɓa. Ku yi sammako saboda rana, kowa ya riƙo gorar ruwansa. Adda da lauje akwai a gida.

Alhajin Babbar Kasuwa:
In tafiyar ta tabbata ni zan ɗauki nauyin man mota, Mushe ka neme ni ta waya. Amma ban sauka daga maganata ba. Ku biya da yaran ta bayan gari, inda ake yanka gonaki ana mayar da su filaye. Satin da ya wuce na ga an kayar da gawo uku a fili ɗaya, waɗanda mutum biyu ba sa rungume ɗaya, an tara bulo a wurin. Su ga wannan ma, su tambayi wa ya ba da izini.

Hajiya ta Mokoyo:
Kuma a tafi da 'yan matan duka, kada a ce nisa. In kun isa, a bar su su zauna da matan gidan su ji nasu bayanin.

Baba Mai Ritaya:
In akwai wuri a gaban mota ku biyo ta gidana. Ƙafata ba ta kai ni cikin gona, amma zan zauna gindin gawo in jira ku.